Shekarun bushiyar teku nawa? Amsa ga wata malama a Marwa

Tambayar da ta zo mini ita ce: "Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da ilimin halittu a wani lise, wato makarantar sakandare, a nan Marwa. Yayana direban babbar mota ne, ya kawo mini ƙoƙon wata halittar teku daga Kiribi, wadda littafinmu na Faransanci yake kira oursin. Faɗinsa santimita 6, ƙayoyin duk sun zube. Na kai shi aji, sai ɗalibai suka tambaye ni abu biyu: yaya halitta mai ƙoƙo kamar dutse take ƙara girma, kuma wannan ɗin shekarunta nawa. Na ce musu zan tambayo."

Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ƙara basira, ya yi wa yaran albarka. Tambaya ta farko tana da amsa mai kyau wadda za ki iya nuna musu da ƙoƙon nan a hannunki. Ta biyun kuwa ta sha kan masana fiye da shekara sittin, kuma abin da suka gano a ƙarshe ya shafi kifinmu na tafkunan Lagdo da Maga fiye da yadda mutum zai zata. Na yi aiki da waɗannan halittu hannu da hannu lokacin da nake karatu a bakin tekun Bahar Rum, kafin in dawo Garwa in koma kan kifin ruwan daɗi, don haka zan faɗa miki abin da na gani da abin da aka tabbatar.

Bari mu fara da suna. Ni bushiyar teku nake kiranta, kuma ban ƙirƙiro ba, don Larabawa ma ƙunfuzul bahri suke cewa, tsofaffin Girkawa kuma da sunan bushiya suka kira ta. Duk wanda ya gan ta da rai zai gane dalili: dunƙule ce mai ƙaya ta ko'ina. Sai dai ba ta da dangantaka da bushiyar da muke gani a gona. Danginta su ne tauraron teku da kokwambar teku, kuma dukkansu babu mai iya rayuwa a ruwan daɗi. Shi ya sa duk faɗin tafkin Cadi da kogunan Binuwai da Lagon ba za ki sami ko ɗaya ba. Nau'o'inta masu rai a yau sun kusa 1000. Amma kada yaran su ɗauka baƙuwa ce a ƙasar nan tun fil azal. Akwai zamanin da teku ya ratsa ta inda Sahara take yanzu, kuma ana tono burbushin bushiyar teku da ya zama dutse a cikin farar ƙasar Kalambaina kusa da Sakkwato, mai shekara wajen miliyan 55 zuwa 60. Siminti ake yi da dutsen a yau.

Yanzu ɗauki ƙoƙon ki juya shi. Babban ramin da ke ƙasa nan baki yake. Ƙaramin da ke sama nan ne mafitar bayan gida. Ki ɗaga shi ki duba ta ciki wajen haske, za ki ga layuka na ƙananan huji kamar an bi da allura, sun taso daga sama sun gangaro ƙasa, kashi biyar. Ta nan ƙafafunta suke fitowa, sirara masu taushi, da ruwa take hura su ta miƙa su. Ƙurajen da kike ji a bayan ƙoƙon kuwa mazaunin ƙayoyi ne, kowace ƙaya tana zaune a kan ƙurjinta tana juyawa yadda kafaɗa take juyawa a gurbinta.

Abin da ya fi muhimmanci ga tambayar yaran shi ne wannan: ƙoƙon ba guda ɗaya ba ne. Ki sa lup, wato gilashin ƙara girma, ki duba da kyau, za ki ga zane-zane masu karkace kamar ɗinki. Ƙananan alluna ne ɗaruruwa aka jera, layi 20 daga sama zuwa ƙasa, goma masu huji, goma marasa huji, bibbiyu bibbiyu. Ni idan ina bayani nakan ce a tuna da ƙwaryar da gyartai ya ɗinke. A ce ƙwarya ce da aka haɗa ta gaba ɗaya da sakaina, kowace sakaina an ɗaure ta da maƙwabciyarta da zare. Zaren a nan wata jijiya ce mai ƙarfi da ke ratsa bakin alluna. Allunan kansu na sinadarin alli ne, irin na ɓawon ƙwai da katantanwa, amma idan aka duba su a madubin ƙara girma sai a ga suna da ƙofofi kamar soso, kuma nama mai rai ya cika ƙofofin. Sannan akwai siririyar fata da ta lulluɓe ƙoƙon duka har da ƙayoyin. Ke nan a haƙiƙa ƙashi ne na cikin jiki, kamar ƙoƙon kanmu, ko da yake a ido kamar sulke yake.

Daga nan amsar take fitowa. Ƙaguwa da jatan lande sulkensu matacce ne, dole su tuɓe shi kamar yadda maciji yake saɓa kafin su ƙaru. Bushiyar teku ba ta saɓa ko sau ɗaya a rayuwarta. Hanya biyu take bi. Ta farko, kowane allo yana ƙara faɗi ta gefunansa, ana ɗora sabon alli a bakinsa kaɗan-kaɗan, zaren da ke tsakanin alluna yana ɗan sassautawa lokacin da ake ginin, ya sake ɗaurewa bayan an gama. Ta biyu, ana haifar sababbin alluna a can sama kusa da ƙaramin ramin, su riƙa tura na gabansu ƙasa. Saboda haka allunan da ke kusa da baki su ne tsofaffi, na sama su ne 'yan baya-bayan nan. Ki nuna wa yara yadda na saman suke ƙanana, na tsakiya suke da faɗi. Ki riƙe wannan batu na tsofaffi da sababbi, zai dawo mana.

Farkon rayuwarta kuwa abin mamaki ne. Akwai mace akwai namiji, amma ba sa haɗuwa. Kowa yana zuba nasa a ruwa, mace ƙwai miliyoyi, kowane ƙwai wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita. Da yake ƙwan garai-garai yake kuma a waje ake yin komai, a kansa ne Bajamushe Oscar Hertwig ya fara ganin yadda iri na namiji yake haɗuwa da ƙwai, wajen 1875, shi ya sa har yau littattafan lise suke kawo shi a darasin haihuwa. Abin da yake ƙyanƙyashewa bai yi kama da uwarsa ba ko kaɗan, kamar yadda talibambam bai yi kama da kwaɗo ba. Wani ɗan mitsitsin abu ne mai dogayen hannuwa, yana yawo a saman ruwa yana cin ƙananan tsirrai na makonni, wani lokaci watanni. Cikin jikinsa ake gina 'yar bushiyar a gefe guda. Ranar da ya sami dutsen da ya yi masa, sai ya sauka, jikin yawon ya narke, 'yar bushiya ta fito ba ta kai milimita ɗaya ba. Cikin miliyoyin nan kaɗan ne ƙwarai suke kaiwa wannan rana.

To, shekaru. Abin da hankali yake fara kawowa shi ne a duba girma, babba tsohuwa, ƙarama yarinya. Ana yin haka, kuma yana aiki a farkon rayuwa. Idan aka tara bushiyoyi ɗari biyar daga wuri guda aka auna faɗin kowace, za a ga sun kasu rukuni-rukuni: 'yan bana, 'yan bara, 'yan bara waccan. Kamar ki jera 'yan firamare ne, 'yan aji ɗaya da 'yan aji uku a bayyane suke. Amma ki jera mutanen kasuwa ki ce za ki raba ɗan talatin da ɗan sittin da tsawo, kin san ba zai yiwu ba. Bayan shekara biyu ko uku rukunan sun cakuɗe.

Abin ma ya wuce haka, domin girman bushiyar teku yana bin abinci ne sosai. Ciyawar teku da gansakukar kan dutse take kankara ta ci. Inda ciyawa ta wadata takan yi girma da sauri. Inda suka yi yawa suka cinye komai, sai su zauna shekara da shekaru a kan dutse fayau, ba su mutu ba, ba su ƙaru ba. Har an auna waɗanda suka ragu. Masani Thomas Ebert ya ba da rahoton haka a 1967 a gaɓar Oregon ta Amurka, daga baya aka sake ganinsa a kan nau'in Diadema mai dogayen baƙaƙen ƙayoyi a tekun Karebiyan: idan yunwa ta yi tsanani, dabbar takan janye alli daga ƙoƙonta, ƙoƙon ya ƙanƙance. Mun san saniya tana ramewa da rani, amma ƙashinta ba ya gajarta. Wannan kuwa ƙashin kansa ne yake komawa baya. Don haka biyu masu faɗin santimita 6 za su iya kasancewa ɗaya 'yar shekara huɗu, ɗaya ta haura ashirin.

Sai hanya ta biyu, wadda ta fi shahara, kuma ni kaina na daɗe ina aiki da ita: ƙirga zobba. Kin san dillalan shanu a kasuwar Adumri ba sa tambayar shekarun sa, baki suke buɗewa su duba famfara, wasu kuma su shafa ƙahon saniya su ƙirga gaɓoɓin da ke gindinsa. Masu binciken kifi ma haka muke yi da ɓawon jikin kifi da ɗan dutsen da ke cikin kunnensa. A tafkin Cadi abin ya yi aiki da kyau, domin da hunturu ruwa yana yin sanyi sosai, kifi ya rage ci, girma ya tsaya, sai zobe ya fito a ɓawo. Da wannan masu bincike na ORSTOM, cibiyar binciken kimiyya ta Faransa, da ke zaune a Fort-Lamy, Injamena ta yanzu, suka bi girman kifin salanga a shekarun 1960 da 1970. Allunan bushiyar teku ma suna da irin waɗannan zobba. Baturen Ingila H. B. Moore ya ƙirga su tun 1935, sannan a 1969 wata masaniya, Margit Jensen, ta tsara hanyar fito da su wadda aka daɗe ana bi.

Ga yadda muke yi. A jiƙa ƙoƙon a ruwan jabel, wato bilicin wanki, har naman ya narke, alluna su rabu da juna. A ɗauraye, a shanya. A ɗauki allo guda a goge cikinsa a hankali da takardar yashi mai laushi, sannan a ɗan gasa shi a kan wuta har ya yi ruwan ƙasa, kada ya ƙone. Idan ya huce a ɗiga masa mai, a sa a ƙarƙashin madubi. Ranar da na fara gani ban manta ba. Allon bai fi farcen ƙaramin yatsa ba, amma ga zobba a jere suna bin siffarsa, mai haske, mai duhu, mai haske, mai duhu, kamar an yanka albasa. Mai hasken shi ne inda aka yi gini da sauri, mai duhun inda gini ya yi nawa. Sai mutum ya ce ai shi ke nan, kowane haske da duhu shekara guda, kamar damina da rani.

Kama da wane ba ta wane. Matsala ta farko ita ce wadda na ce ki riƙe. Idan kika ɗauki allo daga sama, an haife shi ne bayan dabbar ta yi shekaru, zobbansa ba su cika ba. Idan kika ɗauki na kusa da baki, shi ne tsoho, amma ya daɗe da kusan daina ƙaruwa, zobban bakinsa sun matse sun hau juna har ba sa rabuwa. Na taɓa ɗaukar alluna uku daga ƙoƙo guda na ƙirga biyar, bakwai da takwas, kuma abokin aikina ya ƙirga nasa daban a kan allunan nan dai. Shi ya sa wasu suka koma kan alluna biyar na can ƙoli, waɗanda ƙwai yake fita ta cikinsu, da wasu ƙananan ƙasusuwa na cikin baki, domin su tun farko suna nan.

Matsala ta biyu ta fi girma. Wa ya ce zobe guda shekara guda ne? A 1975 John Pearse da Vicki Pearse suka nuna cewa abinci yana iya haifar da zobe: a hana dabbar ci na ɗan lokaci, a dawo a ba ta, sai zobe ya fito ko da shekara ba ta zagayo ba. Guguwa ta kwashe ciyawa, zobe. Ruwan sama ya yi yawa gishirin teku ya ragu, zai iya barin alama. Lokacin zuba ƙwai ma ƙarfi yana tafiya can, gini ya tsaya. A ɗaya gefen kuma tsohuwar da ta kusan daina girma za ta iya yin shekaru ba ta ƙara abin da ido zai gani ba. A 2000 Michael Russell da abokin aikinsa Meredith suka gwada abin kai tsaye a kan koriyar bushiyar teku ta gaɓar jihar Maine a Amurka: suka yi wa dabbobi alama, suka dawo bayan shekara guda suka duba zobe nawa kowace ta ƙara. Wasu sun ƙara ɗaya, ƙanana da yawa sun ƙara fiye da ɗaya, manya kuma wasu ba su cika ko ɗaya ba. Ra'ayina a nan a fili yake: zobba tarihin ƙoshi da yunwa ne. A wurin da sanyi da zafi suke zuwa a kan ƙa'ida, kuma dabbar tana da ƙuruciya, tarihin yakan yi daidai da kalanda. A bakin teku irin na Kiribi, kusa da tsakiyar duniya, inda ruwa yake da ɗumi duk shekara, ba zan sa hannu a kan lissafin zobe ba sai an tabbatar da shi ta wata hanya.

Wannan wata hanyar ita ce alama, kuma za ki ji daɗin bayaninta domin maganin da ake amfani da shi kowa ya san shi. Tetrasiklin ne, wanda ake sayarwa a kafso, danginsa kuma makiyaya suke yi wa shanu allura. Likitoci suna hana ba wa ƙananan yara da masu ciki shi saboda yana manne wa ƙashi da haƙorin da ke cikin gini, ya bar rawaya har abada. Wannan aibin nasa shi ne amfaninsa a nan. Ba a iya ɗaura wa bushiyar teku lamba kamar kunnen saniya, ƙaya takan karye, huda ƙoƙo kuma yana ɓata girman da ake son aunawa. Sai a yi mata allurar tetrasiklin ta fata mai laushi da ke kewaye da baki, ko a yi amfani da wani rini mai suna kalsin, a mayar da ita raminta. Duk inda ake gini a jikinta a wannan rana zai kama maganin. Bayan shekara cif a dawo a kwashe na wurin, a wanke ƙasusuwan, a haska su da fitila ta musamman a ɗaki mai duhu. Sai ki ga siririn layi yana walƙiya, rawaya ko kore. Daga layin zuwa baki, abin da ta gina ke nan a shekara guda, babu zato a ciki.

Yawanci muƙamuƙi ake aunawa. Bakinta wani ginin ban mamaki ne mai haƙora biyar da ƙasusuwa kusan 40, wanda ake kira fitilar Aristotal, da sunan masanin Girka da ya siffanta dabbar fiye da shekara 2300 da suka wuce. Haƙoran ba su da amfani wajen shekaru, domin kullum suna cinyewa ta baki suna tsirowa ta gindi, ba kamar na saniya ba. Amma ƙasusuwan da ke riƙe da su suna ƙaruwa a hankali, kuma tsawonsu yana tafiya da faɗin ƙoƙo. Idan aka sami abin da ƙarama take ƙarawa a shekara, da na matsakaiciya, da na babba, sai a harhaɗa a lissafa tsawon lokacin da ake buƙata a kai kowane girma. A lura, ko wannan ba ya faɗin shekarun dabba guda. Matsakaicin na wurin yake bayarwa.

Da wannan hanya Ebert ya fito da maganar da mutane da yawa suka ƙi yarda da ita. Akwai jar bushiyar teku ta gaɓar yammacin Amurka da Kanada, babba ce, ana kamunta ana sayar wa Japan. An daɗe ana rubuta cewa shekara 7 zuwa 15 take yi. Alamar tetrasiklin ta nuna tana kai girman kamu a shekara shida ko bakwai, daga nan girman ya yi ta ja da baya har ya koma milimita ɗaya ko ƙasa da haka a shekara, amma bai tsaya ba, dabbar kuma ba ta mutu ba. Lissafi ya ce manyan sun haura shekara 100. Aka ce lissafi ne kawai, a kawo shaida.

Shaidar ta fito daga inda ba a zata ba, wato gwajin bama-baman nukiliya. Daga shekarun 1950 zuwa 1963 manyan ƙasashe sun yi ta fasa su a sararin sama, mafi yawa Amurka da Tarayyar Sobiyet. Mu ma abin ya zo kusa da mu: Faransa ta fasa nata na farko a Reggane cikin Saharar Aljeriya ranar 13 ga Fabrairu 1960, mako shida bayan Kamaru ta sami 'yanci, kuma a kan waɗannan gwaje-gwaje ne Nijeriya ta yanke hulɗa da Faransa a Janairun 1961. Fashe-fashen sun kusan ninka wani nau'in sinadarin gawayi da ake kira kabon 14 a cikin iska. Daga iska ya shiga teku, daga teku ya shiga duk ƙashi da ƙoƙon da aka gina bayan lokacin. Ke nan an yi wa halittun teku duka allurar alama a lokaci guda, ba tare da kowa ya nufa ba. Ebert da John Southon suka ɗauki muƙamuƙin manyan jajayen bushiyoyi da aka kamo daga ruwan jihar Washington, suka riƙa kankarar shi siriri-siriri daga bakin da ke girma zuwa ciki, suna auna kabon 14 a kowane kankare. Sai ga shi ɗan siririn baki ne kawai yake ɗauke da alamar bam, duk sauran ƙashin an gina shi kafin gwaje-gwajen. Idan wannan ɗan bakin ya ci shekaru kusan arba'in, sai a auna sauran. Sun buga sakamakon a 2003: dabbar tana wuce shekara 100, kuma mafiya girma da ake samu a yammacin Kanada, masu faɗin santimita 19, za su iya kai 200. Bishiyar kuka ma haka ta yi wa masana, zobbanta ba abin dogaro ba ne, sai da kabon 14 aka gano wata a Zimbabuwe da ta haura shekara 2000.

Kada a ɗauka duk bushiyar teku haka take. Akwai nau'in ruwan ɗumi da ba ya wuce shekara huɗu, akwai mai launin shunayya ta Kalifoniya da take haura 50. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne tsofaffin ba sa nuna tsufa yadda muka san shi. Masaniya Andrea Bodnar da abokan aikinta sun gwada yanke ƙaya da ƙafa a jikin matasa da tsofaffi, suka ga duka suna mayarwa. Tsohuwar tana ci gaba da zuba ƙwai, kuma da yake ta fi girma, nata ya fi yawa.

Nan ne zancen yake taɓa ni, domin ba don sha'awa kawai ake wannan wahala ba. Abin da ake ci a jikinta shi ne jakunkunan ƙwai guda biyar masu ruwan lemo. Japanawa suna kiransa uni suna saye da tsada, ƙasar Cile ce kan gaba wajen kamu, a kudancin Faransa kuma ana ci ɗanye da burodi, kuma doka ta hana ɗaukar wadda ba ta kai santimita 5 ba, ban da ƙaya. Idan hukuma ta ɗauka dabba shekara goma take yi, za ta ba da izinin kwasa da yawa, tana zaton gurbin zai cike da wuri. Idan ashe ta shekara ɗari ce, abin da aka kwashe a damina biyar sai jikoki. A Maine kamu ya kai ƙololuwa a 1993, sama da tan 18,000, daga nan ya rufto, har yau bai koma ba. Kwashe manya yana da wata illa kuma: ƙananan jajayen bushiyoyi a ƙarƙashin ƙayoyin manya suke fakewa, sannan idan aka yi musu tazara da juna, ƙwai da iri ba sa haɗuwa a ruwa. Duk wanda ya san Lagdo tun bayan da aka gama dam a 1982 ya ga yadda manyan giwan ruwa suka yi ƙaranci a kasuwa, raga kuma idonta yana ta ƙanƙancewa. Kifi ba bushiya ba ne, ya fi ta saurin mayar da gurbi, amma tambayar guda ce: wannan da ke cikin kwando, shekara nawa aka yi ana gina shi, kuma ya samu ya hayayyafa kafin a kama shi? Ina ganin duk ɗalibin da ya fahimci wannan daga ƙoƙon da ke teburinki ya riga ya fahimci rabin aikina.

Game da naki ƙoƙon, ga abin da za ki iya faɗa musu da gaskiya. Mai faɗin santimita 6 ta balaga. Idan nau'i ne mai saurin girma da ya sami abinci, shekara biyu zuwa uku sun isa. Idan irin masu zama cikin ramin dutse ne inda igiyar ruwa take duka, waɗanda suke girma a hankali, za ta iya haura goma nesa ba kusa ba. Matakin farko shi ne a san nau'in. Ki ɗora shi a kan takarda ki zagaye shi da fensir: idan zanen ya fito kamar ƙwai maimakon da'ira, alama ce mai ƙarfi ta dangin Echinometra, masu haƙa rami a dutse, waɗanda ake samu a gaɓar Afirka ta Yamma. Ki kuma tambayi yayanki ko a bakin ruwa aka tsince shi ko a wurin masu sayar da kayan ado ya saya, domin na kanti yakan fito daga wani teku daban.

Shawarata kada ki fasa shi, tunda shi kaɗai gare ku kuma teku yana da nisan fiye da kilomita 1000 a mota daga Marwa. Ki roƙi yayanki ya samo na biyu, ko fasasshe ne, a yi aikin jabel da wuta a kansa, ke da kanki za ki riƙe jabel ɗin ba yara ba. Kafin nan ki aika kasuwa a karɓo ɓawon giwan ruwa ko na karfasa daga wurin masu gyaran kifi, a ciro daga gefen jiki ƙarƙashin ƙayar baya. A wanke da ruwa da ɗan sabulu, a matse tsakanin gilashi biyu kada ya nannaɗe, a ɗaga wajen taga a duba da lup. Ki sa yara biyar su ƙirga zobban ɓawo guda, kowa ya rubuta nasa a ɓoye, sannan a buɗe takardun a allo a gwada. Idan kin yi, ki aiko mini da lambobin da suka samu, tare da tsawon kifin da watan da aka kama shi.